Bin Sawun Rahoton da Na Rubuta

Tun da na dawo daga Bungudu da rabin kaina a aske, rabi da gashi, abokai ba su bar ni na sha ruwa ba. A ƙofar masallaci tambaya, a bakin tasha tambaya, har gida ake biyo ni da sunan an zo gaisuwa. Wasu sun ce koro ni aka yi. Wasu sun ce wanzamin ne ya sami taɓin hankali yana tsakiyar aiki. Akwai ma wanda ya rantse a gabansa aka yi, alhali ƙafarsa ba ta taɓa taka Bungudu ba. To ni yanzu na fi kowa sanin abin da magana ke zama in ta bi ta baki biyu uku, saboda haka gara in rubuta da hannuna, kowa ya karanta ya shafa mini lafiya.

Ga wanda bai sani ba, in har akwai shi, ni malamin rahoto ne a wani ofis a nan Gusau. Aikina na asiri ne ƙwarai, har mai waina ta bakin ofis ma Malam na Asiri take kirana. Muna da mutane a kasuwanni da tashoshi masu kawo mini abin da suka jiyo game da ɓarayin shanu, ni kuwa in tace, in rubuta, in kai wa Baturen da ke kanmu. Mai Jar Tawada muke ce masa a bayan ido, saboda wata doka da ya kafa. Labarin da ya zo ta baki ɗaya, da fensir ake rubuta shi. In baki biyu suka kawo, baƙar tawada. In ya kai baki uku daga garuruwa dabam dabam, sai a sa jar tawada, ya zama tabbas, 'yan doka su ɗaura ɗamara. Ina son dokar nan ƙwarai a lokacin, don tana hutar da mutum daga tunani.

A ƙarshen damina aka yi ta satar shanu tsakanin Tsafe da iyakar ƙasar Katsina. Ana cikin haka sai wani mai goro, mutuminmu na Tsafe, ya aiko cewa wani Bafulatani, Jauro Sambo, mai ruga a bayan Bilbis, shi ke karɓar shanun satar yana cuɗa su cikin garkensa. Na rubuta da fensir. Bayan mako biyu dillalinmu na Bungudu ya kawo sunan nan dai. Ranar da wani ɗan dako na tashar jirgi a nan Gusau ya cike na uku, da kaina na je na ɗauko kwalbar jar tawada, ina tafe ina hura hanci. Aka kamo Sambo aka kulle. Aka haɗo da wani jan sa a matsayin shaida, aka ɗaure shi a gindin bishiya a bayan ofis. Na leƙa san ta taga, na ji kamar na taɓa ganinsa a wani wuri, sai na ce ai jajayen shanu duk kamarsu ɗaya.

Sai dai alkali ya ce shi ba ya shari'a da launin tawada. Ya ba da kwana bakwai a kawo masa wanda ya gani da idonsa. In an kawo, Sambo ya tafi gidan yari na shekaru, a raba garkensa ga waɗanda aka yi wa sata. Bature ya kira ni ya ce da Hausarsa ta littafi, "Malam Bala, bakuna uku naka ne. Tafi ka zo da idanu." Na ce, "Ranka ya daɗe, an gama." Dalilin tafiyata ke nan.

Na sami wata lori da za ta Tsafe ɗebo gyaɗa. Na zauna gaba kusa da direba kamar yadda ya dace da mutum mai alƙalami uku a aljihu, sauran jama'a da awakinsu suna baya. Muna kawowa daidai dutsen Kwatarkwashi sai motar ta yi tari sau biyu ta mutu. Wani daga baya ya ce, "Mai ya ƙare!" Kafin ka ce me, duk bayan mota ya ɗauka, har wata tsohuwa da ban tsammanin ta san ta inda ake zuba man. Na ƙirga bakuna sun fi goma, na juya na sanar da direba cewa babu shakka mai ne ya ƙare.

Bai ko dube ni ba. Ya sauka ya karyo karan dawa a gefen hanya, ya zura cikin tanki, ya zaro shi jiƙe sharkaf, ya kawo mini har gaban hanci.

"Malam, su duka baya suke zaune," in ji shi. "Ba wanda yal leƙa tanki. Mutum guda yah hwaɗi, saura sunka yi mashi amshi. Ni ba ni tambayar fasinja ciwon mota, ita nika tambaya."

Ya bi ta sannu, yana cire wannan yana mayarwa, har ya kai ga wani bututu da datti ya toshe. Ya zuƙe shi da baki, ya tofar, motar ta tashi. Abin da na ɗauka daga wannan al'amari a ranar shi ne direbobin zamanin nan ba su da ladabi.

La'asar muka shiga Tsafe. Na sauka gidan Baba Nomau, abokin kawuna, mai awon gyaɗa. Mu a Gusau jirgi ya koya mana sauri, baƙo bai gama sallama ba mun tambaye shi abin da ke tafe da shi da ranar komawarsa. Mutanen Tsafe ba haka suke ba. Sai da aka gaishe ni da gajiya sau wajen bakwai, aka tambayi lafiyar kawuna da matansa da ciwon ƙafarsa, aka kawo ruwa, aka kawo hoce, wato gasasshiyar wainar dawa, da ƙuli, ba wanda ya ce me ya kawo ka. Da farko na ɗauka kunya ce. Daga baya na gane ba su da bukatar tambaya, labarin zuwana ya riga ni sauka. Hocen nasu kuwa, ba don kada a ce na ci amanar masauki ba, da na ce da shi za a iya kafa turke. Na jiƙa shi da ruwa na ci uku, don yunwa nake ji. Aka yi mini shimfiɗa a zaure tsakanin buhuna. Da safe na tarar ɓeraye sun ci kusurwar littafin rahotona, suka bar hocen da ya rage ba su taɓa ba.

Da hantsi manoma suka fara sauke kaya daga jakuna a gaban sikeli. Na zauna ina kallon Baba Nomau. Kowane manomi sai ya kwance bakin buhunsa yana nuna gyaɗa manya manya, jajaye, ba ko tsinke. Shi kuwa ko kallo ba su ishe shi ba. Yana da wani dogon ƙarfe mai rami a ciki, sai ya soka shi a gindin buhu, ya soka a ciki ta gefe, ya zazzage abin da ya fito a tafin hannu. Wani lokaci gyaɗa ce mai kyau, wani lokaci tsakuwa da ruɓaɓɓiya. Na ce, "Baba, ga shi an buɗe maka, me ya kai ka huda buhun mutane?"

Ya ce, "Bakin buhu na mai buhu na, ɗana. Don idona yas shirya shi. Ni inda bai zaci hannuna shi kai ba nika so."

Can sai ga ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya da buhu biyu. Na ce yau zan ga ƙarshen ƙarfen nan. Ya soka masa shi har gindi. Da ƙanen ya tafi na yi masa magana, ya ce, "Ba ƙin yarda na ba. Wata kila shi ma sayowa yay yi, bai san abin da ag ga ciki ba."

Na bar shi da ƙarfensa na nufi kasuwa wurin mai goro, mutumin da ya fara kawo sunan Sambo. Ya ba ni farin goro, ya share mini benci. Na ce masa alkali na son ya zo ya faɗi abin da ya gani.

Ya ce, "Gani kamar yaya, Malam?"

"Gani da ido. Sambo yana karɓar shanu."

"A'a, ni ji niy yi. Wurin Tanko wanzami, mai bin kasuwanni. Shi ko daga sama yas samo ta, wurin manya." Ya dubi hagu da dama, ya matso, ya rage murya. "Amma in ohis na son in gani, ai sai in gani. Ka hwaɗa mani ranar kawai, da launin shanun."

Ya kamata a ce raina ya ɓaci. Bai ɓaci ba. Na san Tanko, shi ke yi mini aski duk ranar da ya zagayo Gusau, mutum ne da ba abin da ke wuce kunnensa. Jin an ce daga wurin manya maganar ta fito ma sai ya ƙara mini ƙarfin gwiwa. Na ce wa mai goro ya wanke rigarsa ya zauna da shiri. Zan faɗi gaskiya tunda na ɗauki alƙalami: abin da ya sa na yanke shawarar zuwa rugar Sambo ba neman gaskiya ba ne. Zuwa zan yi in ga launin shanun don in gaya wa shaidata abin da ya gani.

Washegari Baba Nomau ya ara mini kekensa. Ban yi nisa da gari ba ƙaya ta sace tayar baya, kafin Bilbis ta gaba ma ta bi sahu. Na shiga garin ina tura keke, rigar ofis ta manne mini a baya don gumi, mata a bakin rijiya suna yi mini sannu da murya mai kama da dariya. Na bar keken wurin wani maƙeri, na ci gaba a ƙasa.

Tunda na zo kusa, na ce sai na ga iyakar da ake ƙetarawa da shanun sata. A taswirar ofis wani jan layi ne mai kauri, na sha ɗora yatsa a kansa ina yi wa 'yan doka bayani. Na yi ta tafiya ban ga komai ba sai gonakin dawa, har na iske wani tsoho yana yankan kara. Na tambaye shi ina iyaka. Ya ce, "Ka baro ta can baya, wurin tsamiyar da kaw wuce." Na waiwaya, ga tsamiya, ga akuya kwance a gindinta. Ashe na shiga ƙasar Katsina ba izini, ba wanda ya ce mini kanzil. Tsohon ya ce rabin gonarsa na can rabi na nan, kuma har yau dawar ba ta lura ba. Shi ya nuna mini hanyar rugar, na juya baya na sake wuce tsamiyar.

Wata tsohuwa na tarar a ƙofar bukka tana wanke ƙwarya. Inna Dije ke nan, mahaifiyar Sambo. Na fara shirya ƙaryar da zan gabatar da kaina da ita, sai ta ce, "Sannu da zuwa, Malam na Asiri. Zamna." Ta dama mini fura da kindirmo mai kauri, irin wanda mu a Gusau sai dai mu ji labari, don namu kafin ya iso kasuwa ya gaisa da rijiya biyu. Ta san ni na rubuta takardar da ta kulle ɗanta, ta kuma tsaya a kaina sai da na shanye.

Na ce an ce garken Sambo ya ƙaru farat ɗaya. Ta ce gaskiya ne. Wansa ya rasu bara, shanunsa suka dawo hannun Sambo yana riƙe wa marayu. Ta nuna mini inda aka rufe shi, can gefen wata bishiyar marke. Na ce mata, cikin ladabi dai, maganar uwa a kan ɗanta baki ɗaya ce a wurinmu, fensir.

Ta ce, "To bar tawa. Tambayi shanun."

Da rana ta yi sanyi ƙannen Sambo suka koro garken. Inna Dije ta ce saniyar sata ba ta amsa kiran baƙo, ba ta sakar masa nono, sai ta daɗe ƙwarai. In akwai na sata a cikinsu, za su tsaya suna kallonta kamar yadda za su kalle ni. Ta ce kada in bar ta ta zaɓa, ni in nuna wadda na ga dama. Ban san lokacin da ƙarfen Baba Nomau ya faɗo mini a rai ba. Na ƙyale na gaba gaba masu tahowa da kansu, na nuna wata baƙa can ƙarshen garke. Tsohuwar ta ɗaga murya ta kira wani suna. Saniyar ta ɗago kai, ta ratso 'yan uwanta, ta zo ta sa hanci a tafin hannunta. Na nuna wata, ta zo. Na zagaya baya na nuna wata ramammiya da ke ɓoye bayan wasu, ita ma ta zo. Kowacce sai ta faɗa mini uwarta da kakarta da shekarar da aka haife ta, shekarar fari ko shekarar da gulbi ya ci gona. Na nuna har hannuna ya gaji, ba wadda ta ƙi.

Daga ƙarshe ta kira wata da ban nuna ba. Ta ce, "Wagga ita ta Saye, uwar Boɗeri, jan san da kunka tahi da shi." Ta shafa wuyan saniyar. "Malam, shina cin ciyawa?"

Na zaci lafiyar ɗanta za ta fara tambaya. Ta ce, "Sambo namiji na, ya san haƙuri. Boɗeri bai san shi ba. Ba shi ci ga hannun da bai sani ba."

Na ce yana ci. Ƙarya na yi, don tun ranar da na leƙa shi ta taga ban sake bi ta kansa ba. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, na yi sallama ban iya haɗa ido da ita ba.

Na kwana Bilbis, na karɓi keke, na mayar Tsafe, na bi lori zuwa Gusau. Ban shiga ofis ba. Na tsaya tasha na nemi ɗan dakon nan, na tambaye shi inda ya ji. Ya sauke buhun da ke kansa ya ce wurin Tanko wanzami. Na zagaya ta bayan ofis na leƙa ta katanga. San yana kwance, harawa jibge a gabansa ta bushe, ba alamar ya taɓa ta.

Duk da haka ban saduda ba. Kwana biyu suka rage, na ce watakila dillalin Bungudu shi ne mai idon. Na hau motar Sakkwato na sauka Bungudu kafin azahar. Mutanen Bungudu suna da gulbi kamar yadda muke da shi, amma yadda suke maganar kifinsu sai ka rantse namu ruwan kwaɗi ne zalla a ciki. Na ci kifin, ban ce komai ba, don kada in ƙara musu girman kai. Na sami dillalin a rumfarsa. Kafin in gama tambaya ya ce Tanko wanzami.

Na sauka gidan Malam Isiyaku, wanda ya karantar da ni kafin a kai ni makarantar boko. Ya tsufa, ido ya yi rauni, amma kunne da baki suna nan daram. Bayan la'asar muna zaune a ƙofar zaure na kwashe labari na gaya masa, ina ƙoƙarin nuna masa cewa ko ba komai mutum uku ne, a gari uku, ba su san juna ba.

Ya share ƙasa da tafin hannu. Ya ja layi uku da yatsa, ya haɗe kawunansu wuri ɗaya.

"Bala, mu a karatun hadisi ba yawan masu hwaɗi muka dubi ba. Wa yag gaya maka? Shi ko wa yag gaya mashi? Haka haka, har a kai ga wanda yaj ji da kunnenai. In mutum ɗari sunka ɗauko ga mutum guda, to mutum guda na. Na koya maka wanga kana ƙarami, sai dai lokacin hankalinka na ga gyaɗar da ag ga aljihunka." Ya ɗora yatsa a mahaɗar layukan. "Ga Tanko." Ya matsar da yatsan sama kaɗan, inda ba komai. "Nan hwa?"

Na ce, "Manya, Allah gafarta Malam."

Ya ce, "Manya ba sunan kowa na ba. Tai ka tambayo."

Washegari kasuwar garin ke ci. Na iske Tanko a gindin wata ɗorawa da zabirarsa, yana wasa aska a tafin hannu. Ya yi murnar ganina har da tashi tsaye. Na yi wata dabara da na ji daɗinta ƙwarai: maimakon in tambaye shi kai tsaye, sai na cire hula na zauna aski, in bar hira ta kawo mu. Ya jiƙa mini kai, ya fara daga dama. Muka taɓa maganar tsadar goro, muka taɓa maganar mulkin kai da ake ta yi. Da ya kai tsakiyar kai sai na ce, kamar abin bai dame ni ba, "Af, Tanko, maganar Sambon nan, a bakin wa ka fara ji?"

Askar ta tsaya. Ya leƙo fuskata, ya fashe da dariya.

"Haba Malam! Gwada ni kaka yi? Ai kai kag gaya mani."

Na ce ni? Yaushe?

"Ranar da niy yi maka aski bakin kara, kasuwar shanu, can Gusau. Sambo ya wuce jaye da jan sa nai, kab bi shi da kallo, kac ce, 'Tanko, wa na wancan? Ina yas samo sa irin wanga?' Ka manta?"

Ban manta ba, tunawa ce ban yi ba. Nan take komai ya dawo mini: ranar, da inuwar, da san yana tafe yana rangaji, fatarsa na sheƙi. Sha'awa ya ba ni, shi ke nan. Na ce, "Tanko, ai tambaya ce kawai!"

"Malam, in mai waina tat tambaya, tambaya ta. In Malam na Asiri yat tambayi inda mutum yas samo sa, lokacin da aka satar shanu, wa ka cewa banza ta? Ni ko aradu ban ce ɓarawo na ba. Cewa niy yi ohis na bincike nai. Sauran su sunka ƙara." Ya dafa mini kai. "Duƙa in ƙarasa."

Ban duƙa ba. Na miƙe, na ajiye masa ladansa, na kifa hula, na nufi bakin hanya yana kirana. Na sami bayan wata lori na ɗare. Muna shiga Gusau iska ta fizge hular, shi ne abin da kuka gani.

A kan lorin nan na yi tunanin da ba na alfahari da shi. Ba wanda ya san tushen maganar sai ni da Tanko, shi kuwa a ganinsa ba a yi komai ba. Mai goro na can da wankakkiyar riga, kuma yanzu na san launin kowace saniya. Ana cewa in Turawa suka tafi irinmu za a ɗora a kujerunsu, ni kuwa na riga na zaɓi wadda nake so. Na juya abin a raina tun daga Bungudu har muka hango hayaƙin jirgi. Abin da ya hana ni ba wani tsoron Allah mai yawa ba ne, ko da yake ina fata akwai shi a ciki. Muryar tsohuwar nan ce tana tambaya ko yana cin ciyawa.

Na zauna a teburina na rubuta rahoto. Na zana layukan Malam Isiyaku guda uku, na sa Tanko a mahaɗarsu, a samansa na rubuta sunana. Da fensir na yi, tunda baki ɗaya ne. Bature ya karanta sau biyu. Ya dubi takardar, ya dubi kaina, ya sake duban takardar. Ya ce, "Wato mun kama mutum saboda ka yaba sansa." Na ce, "Ranka ya daɗe, ko yabon ma ban yi ba."

Ya ce shi ma ba zai yarda da baki ɗaya ba, ko da nawa ne, yana son ya ga abin nan na kiran shanu da idonsa. Aka fito da Sambo aka kawo shi bayan ofis. Dogo ne siriri, ya ƙara ramewa. San yana kwance, haƙarƙarinsa duk a waje, ƙudaje sun taru a idonsa. Wani ɗan doka ya kira shi da sunan da na faɗa, ko kunne bai motsa ba. Sambo ya tsaya daga nesa ya ce, "Boɗeri," a hankali, sau ɗaya. San ya ɗago kai. Ya kafa gwiwa ya zame, ya sake kafawa, ya miƙe yana rawar ƙafa, ya ja igiya har ta ƙare. Washegari alkali ya sallami Sambo.

Ba a kore ni ba, in abin da kuke son ji ke nan. Kwalbar jar tawada dai ta koma aljihun teburin Bature, da makulli. Ya sa na rubuta masa duk abin da na gano a hanya, har da karan direba da ƙarfen Baba Nomau. Yanzu duk wanda ya kawo labari sai an bi shi da wa ya gaya maka har a kai tushe, sai an aika wani ya leƙa inda ba a shirya don idonmu ba, sai kuma an tambaya: in maganar nan gaskiya ce, me ya kamata a tarar, kuma an tarar? Bature ya raɗa wa tsarin wani dogon suna da Turanci ya aika sama, aka yaba masa. Ya ce a ƙasarsu ma masana sun gano irin wannan, sai dai su sai da aka yi babban yaƙi. Ɓarayin ainihi kuwa har yau da nake rubutun nan ana nemansu, da fensir.

Ranar da Sambo zai tafi na bi shi har bakin gari. An riga an ba shi labarin duka, ba sai na faɗa muku ta bakin wa ba. Na ce ya yafe mini. Ya ce ya yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Na ce ya gaishe da Inna. Ya ce za ta ji, amma kada in sake wahalar zuwa rugar, don da zarar san ya yi ƙarfi za su tashi su ƙetare tsamiyar nan zuwa ƙasar Katsina. Alkali ya wanke shi, amma a kasuwar Tsafe ba wanda zai sayi ko maraƙi a hannunsa ba tare da ya duba bayansa ba. Na tuna kabarin wansa a gefen marke, wanda za su bari a baya.

Ya gyara sandarsa a kafaɗa, ya kama igiya. Har ya juya sai ya tsaya.

"Malam," ya ce, "in ka sake ganin sa mai kyau, ka ce tubarkalla, ka wuce."

Suka kama hanyar Tsafe a ƙasa, yana tafe yana tsayawa, don san ba ya iya sauri.